Ɗan Farina Ya Sa Fuskata A Matsayin Hayaƙin Najeriya

Assalamu alaikum wa rahmatullah 'yan uwa na wannan zaure. Admin, 'yata, Allah ya yi miki albarka, ki sakaya sunana, duk da na san wasu 'yan cikin Birni za su gane ni tun kafin su kai tsakiya, ba komai, fuskar ma ai an riga an gama ganinta. Shawara na zo nema, don Allah ku ba ni, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, da yatsa ɗaya nake dannawa, ban yi boko ina yarinya ba, sai da na fara aurar da 'ya'ya sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure.

Ni uwa ce, na manyanta, a cikin Birnin Zazzau aka haife ni, a ciki na yi aure, a ciki Malam mijina ya rasu ya bar ni. Maganar a kan ɗana na fari ce. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba don ɓoyewa kaɗai ba, a gida ma ban taɓa faɗa ba. Mu haka aka tashe mu, ɗan fari kunyarsa ake ji, ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki sai dai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Ana yaye shi surukata ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, ita yake ce wa Inna, ni kuwa Yaya yake ce min, yadda ƙannen Malam suke kirana. In zan yi maganarsa da ƙannensa sai in ce yayanku, to a nan zan riƙa cewa yayansu. Yaran yanzu ba su san wannan ba, ina ganin matan 'ya'yana suna rungumar ɗan fari a tsakar gida suna kiransa da sunaye kala-kala, ban ce sun yi laifi ba, zamani ne. Amma Allah shaida ne, naman da Inna take tsoma masa a miya daga kwanona yake fitowa, in zazzaɓi ya kama shi kuwa ina tsaye a bayan labulenta ina jin numfashinsa, ba dai in shiga ba.

Yayansu ya yi karatu, alhamdulillahi, har waje ya je ya ƙaro, yanzu yana Abuja yana aiki da wata ƙungiya ta masu harkar sauyin yanayi. Aikinsa, yadda autata ta bayyana min, zan ce mata Ummi a nan, shi ne auna iskar nan mai ɗumama duniya da kowace ƙasa take fitarwa, amma ba ta masana'antu da motoci ba, ta wajen noma da kiwo da sare daji da ƙona ƙasa, sai su jera ƙasashen su ga wa ya fi wa. Ni da na ji har dariya na yi, na ce ashe har gyatsar saniya akwai wanda yake zama a ofis ya bi diddiginta, Allah mai iko. A Islamiyya in aka tambaye ni me yake yi a Abuja sai in ce oho, ku tambayi Gwaggonsa, amma a raina ji nake kamar in miƙe tsaye in yi ta bayani.

Ina da gona a bayan dutsen Kufena, gadon mahaifina ce. Tun da Malam ya rasu ni nake zuwa da kaina in tsaya a kan 'yan ƙwadago, tunda na wuce shekarun zaman ɗaka. Duk bazara kafin ruwa ya sauka muna sharar gona, a tattara tushiyar dawa da busasshiyar ciyawa da ƙaya, a tara tsibi-tsibi a cinna wuta, tokar ta zauna a wajen. Haka na tashi na ga ana yi, haka maƙwabtan gonata suke yi. Bara da bazara sai ga yayansu ya zo hutu, ya ce wa Ummi ta gaya min shi zai kai ni gona a motarsa. Wallahi 'yan uwa ranar ko karin kirki ban iya yi ba don murna. Na zauna a baya, daga gaisuwa ba mu ƙara cewa komai ba har muka fita ƙofar gari, amma ni wannan shirun ma daɗi ya yi min. Da muka isa na karɓi ashana na fara bin tsibin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba. Ina ganinsa yana ɗaga waya, na ɗauka dutsen yake ɗauka ko gonar kakansa. In ya juyo wajena sai in kau da fuska irin ta kunya, ga hayaƙi yana sa ni hawaye ina sharewa da bayan hannu. Da za mu dawo har ya tsaya ya saya min rake. Na daɗe ina ba wa Ummi labarin raken nan.

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, ni har na manta da zancen waya. Sai wata rana na je suna a Gyallesu, ina shiga tsakar gida na ga mata sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna ganina wata ta ce, a'a, ga 'yar fim ɗin da kanta, Hajiya ashe kin shiga harkar ba ki gaya mana ba? Aka kwashe da dariya, aka miƙo min.

Bidiyo ne da muryar yayansu, yana Turanci, an rubuta Hausarsa a ƙasa. Taswirar duniya ce aka fara nunawa, kowace ƙasa da wata sanda mai launi, wata doguwa wata gajera, ni ban riƙe lambobin ba. Ya fara da Brazil, aka nuna daji daga sama, injuna suna kayar da itatuwa kamar ana aske kai. Ya zo Indonesiya, hayaƙi ya rufe ko'ina, wai daji ake ƙonawa a shuka kwakwar manja. Indiya aka nuna garken shanu, Sin gonakin shinkafa kwance cikin ruwa, Amurka wani fili da shanu cike a shinge ido ba ya ganin ƙarshensu. Abin da na lura da shi, duk daga sama aka ɗauko su, daga nesa, babu fuskar mutum ko ɗaya, babu wanda zai kalla ya ce ga uwar wane. Da aka zo Najeriya sai ga ni. Fuskata ta cika wayar, ido jajur, hawaye har haɓa, kuma an rage gudun hoton yadda zan daɗe ina sharewa. A ƙasa an rubuta cewa wannan wata tsohuwa ce a wani ƙauye a Arewa, ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa jin zancen sauyin yanayi ba, ba ta san abin da take yi wa jikokin duniya ba, kuma irinta ne suka sa kaso mai yawa na iskar da ƙasarmu take fitarwa daga gona da daji yake fitowa. Mai wayar ta ce, kawo in karanta miki Hajiya. Na ce bar shi, na gani. Da kaina na karanta cewa ban iya karatu ba, harafi bayan harafi, da yatsana a kan gilashin. Kuma ya sani, don ranar da aka ba mu takardar shaidar gama aji shi ya aiko da katan na lemo aka raba wa 'yan ajinmu.

Tun daga ranar sunana ya canja a lungunmu, Hajiya Hayaƙi. Ba da faɗa ake yi ba, da wasa ake yi, shi ya sa ba ni da bakin ramawa. In rana ta yi zafi sai maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, Hajiya don girman Allah a rage mana wutar nan, yara sun kasa zama a ɗaki. Mai gawayin bakin lungu, wanda na girme wa uwarsa, ya ce min, Hajiya wai ke da Brazil wa ya zo na ɗaya? A Islamiyya wata ta ce ai ni na gode wa Allah, an jera ni layi ɗaya da Amurka, su ko Kaduna ba a san da su ba. Duk ina murmushi ina cewa Allah ya shirye ku. Wadda ta karya ni ba ta yi dariya ba, tsohuwar ƙawata ce tun muna 'yan mata, ta ja ni gefe bayan an tashi karatu ta ce, wance, wannan muryar ba ta ɗanki ba ce? Me kika yi masa? Na dawo gida na rufe ɗaki. Har yau ban koma Islamiyya ba.

Ban kira shi ba. Ku yaran yanzu za ku ce me ya hana, to ni ban san yadda ake buɗe baki a yi wa ɗan fari ƙorafi ba, ban taɓa yi ba, ko lambarsa in ta fito a wayata miƙa wa Ummi nake yi. Sai na je wajen Gwaggonsa, ƙanwar Malam, na roƙe ta ta yi masa magana a hankali, ya cire, ko ya rufe fuskar. Ta kira shi Ummi tana zaune. Ya ce ba zai yiwu ba, bidiyon ya karɓu, Turawan da suke ba ƙungiyar tallafi sun ce duk cikin ƙasashen, ɓangaren Najeriya ne ya fi taɓa musu zuciya. Ya ce kuma ai ba ƙarya ya yi ba, ƙona gona yana kashe ƙasa yana ƙara wa duniya zafi. Gwaggo ta ce to mun ji, amma don me za ka ce wata tsohuwa a wani ƙauye, uwar da ta haife ka, 'yar cikin ganuwa gaba da baya? Ya ce in ya ce uwarsa ce labarin ba zai yi armashi ba, a ofis ma ce musu ya yi wata mata ce da take yi musu aiki a gona. Gwaggo ta fara salati. Sai ya yi dariya ya ce, Gwaggo, tun ina yaro take wuce ni a tsakar gida kamar ba ta san ni ba, ta taɓa nuna ni a gaban mutane ta ce ga ɗana? To ni ma kunyarta nake ji, al'ada ce, a wajenta na koya. Gwaggo ba ta so in ji wannan ba, ta ce min dai ya ce zai duba. Ummi ce ta kasa riƙewa, tana kuka ta faɗa min.

Ni ban yi musu da iliminsa ba. Wataƙila gaskiya ne ƙona gona ba shi da kyau, su suka yi karatu. Da ya aiko Ummi ta ce min yayanmu ya ce ki daina, wallahi da na daina ko bai ba ni dalili ba. Shi ya sa ma bana da bazara ta kama na tara 'yan ƙwadagona na ce kar wanda ya ƙyasta ashana a gonata, a bar tushiyar ta ruɓe a wajen, ƙayar kuma a ja ta bakin iyaka a yi shinge. Suka ce Hajiya aikin zai yi wuya, na ce na ji, a yi haka nan. A raina na ce in labari ya kai masa zai san na karanta, na kuma ji.

Labari ya kai masa, sai ga waya ya bugo wa Ummi ya ce ta sa a sifika in ji. Faɗa yake yi. Wai wa ya ce in daina? Ashe ƙungiyarsu za ta yi dogon fim da za a nuna a wani babban taro a ƙasar waje, inda ƙasashe suke zuwa kowa a ga nasa hayaƙin, kuma sun ce tsohuwar nan suke so, a bi ta har gonarta. Ya riga ya ce musu ta yarda. Ya tsara min yadda za a yi tiryan-tiryan. Da farko in bi tsibi ina cinna wuta ina tari. Sai shi ya iso a mota da mutanensa, ya miƙo min takarda mai taswirar ƙasashen, in karɓa in riƙe ta a juye, in ce ni ban san boko ba. Sai ya yi min bayani, in riƙe baki in yi mamaki, ya ba ni dashen itace in dasa, sannan in durƙusa in ce na gode Yallaɓai, Allah ya ƙara girma. Ummi ta ce, Yaya, Mama ce fa za ta durƙusa maka? Ya ce ke rufe min baki, aktin ne, kowa ya san aktin ne. Ya ce sabunta kwantiraginsa a kan fim ɗin nan yake, in suka zo suka tarar ba wuta, ko suka gane uwarsa ce ba 'yar aiki ba, za su ce maƙaryaci ne su sallame shi, kuma a irin aikinsu in sunanka ya ɓaci ya ɓaci ke nan. Ya ce in na ƙi, in sani ni na kashe masa aiki da hannuna, kar in ƙara sa ran ganin ƙafarsa ko ta yaransa a gidan nan, ko da Sallah. Duk maganar nan bai ce min Yaya ba, bai ce ke ba, ita yake cewa, ki gaya mata, alhali ya san ina zaune ina ji.

Da na je gonar na tarar har ya aiko an yi aiki ban sani ba. Shingen ƙayar da na sa aka yi an rushe shi an tara a tsakiya, an sayo kara da ciyawa daga gonakin maƙwabta an jibga, tsibi ya fi tsayina, wai don wutar ta tashi sosai ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto ya gan ta daga sama. Tun da nake sharar gona ban taɓa ƙona ko rabin wannan ba. Shugaban 'yan ƙwadagona ya ce, Hajiya ke kin ce kar a ƙona, Alhaji ƙarami ya ce a ƙara, wanne za mu bi? Na ce ku bari tukuna.

Gida ya rabu. Ƙannensa maza sun ce in na durƙusa masa a gaban kamara su ba za su ƙara iya ɗaga kai a Birni ba, ɗaya ma ya ce zai je ƙarƙashin bidiyon ya rubuta cewa wannan uwarmu ce kuma uwarsa ce, na ce in ka yi ban yafe ba, don na san ranar aikin yayansu zai ƙare. Gwaggo ta ce in ɗaga hannu kawai in kai ƙararsa wajen Allah, na ce a'a, bakina ba zai taɓa shi ba, ko a mafarki. Matarsa ta bugo min tana kuka, ta ce Mama ki rufa mana asiri, yini ɗaya ne, yaran nan makarantarsu da cinsu duk a kan aikin nan suke. Ita ba ta yi min laifin komai ba, jikokina kuma ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ummi ta ce ita duk wanda na zaɓa tana bayana.

Ni kuma ga abin da yake cikina. In na yi, na yi ƙarya da bakina a gaban duniya, na ce ban iya karatun da na sha wuya a kansa ba, ina tsohuwa ina zama a bencin yara ana dariyar yadda nake riƙe fensir. Kuma wannan karon ba za a ce an ɗauke ni ban sani ba, za a ce da yardarta, uwa ta durƙusa wa ɗanta ta ce masa Yallaɓai. Bidiyo ba ya mutuwa, jikokina za su girma su gani. In kuma na ƙi, aikinsa ya tafi, shi ma ya tafi, kuma zai riƙe hujja har abada cewa dama ba na sonsa. Akwai wani abu da nake jin nauyin rubutawa amma tunda ba ku ganina bari in faɗa, wani gefe na zuciyata yana so in je, don yini guda zan yi kusa da shi, zai tsaya a gabana ya kalli idona ya yi min magana a hankali, ko da ta ƙarya ce, ko da don kamara ce.

Asabar mai zuwa za su iso. Shekaranjiya direbansa ya kawo wata baƙar leda ya ce in ji Oga, kayan da za a saka ne. Na buɗe na ga zane da riga da ɗankwali na gwanjo, sun koɗe, rigar ta yage a kafaɗa, duk suna warin ajiya. Ni ban yi tunanin komai ba, abu ne ya fito daga hannunsa, ban taɓa samun tufafi daga wajensa kai tsaye ba sai dai ta hannun matarsa. Na jiƙa su na wanke, na ɗinke kafaɗar da zare mai kama da launin, na sa gawayi a dutsen guga na goge su tsaf na ninke. Ummi ta shigo ta gani ta dafe kai, ta ce Mama me kika yi, ai ya ce kar a wanke, da dattin ake so, yagewar ma shi ya sa aka ƙara ta da reza. Ta ce in dai zan je, sai an warware ɗinkin, a kai su bayan gida a tattaka a cikin ƙasa da toka kafin Asabar.

Suna nan a ninke a bakin gadona ina kallonsu ina wannan rubutu. 'Yan uwa, musamman iyaye mata da suka san kunyar ɗan fari, da ku 'ya'yan fari da kuka san yadda abin yake a zuciyarku, don Allah ku gaya min gaskiya ko da za ta yi min ɗaci, kuma kar ku zage shi, ɗana ne. In warware ɗinkin in tattaka su a ƙasa in saka, ko in mayar masa da kayansa a goge?